Dashen haure: ƙashin baki shi ne tushe

Ranar nan wajen karatun manya wani dattijo ya kasa fitar da harafin "s" don giɓin da ke gare shi gaba. Ajin duk anka yi dariya, har shi kansa. Da munka tashi ya tambaye ni: Malam, wai da gaske likita na cire haure ya dasa wani nan take? Da gaske ne, amma da sharaɗi.

Asalin abin ƙasar Suwed ne. A 1952 wani likita mai suna Branemark ya sa ƙarhen titaniyom cikin ƙashin zomo, da ya zo cirewa ya tarad da ƙashi ya kama ƙarhen gam. A 1965 ya dasa ma mutum na farko irin wanga ƙarhe cikin muƙamuƙi, kamar ƙusa mai murɗi, anka ɗora haƙora bisa. Lokacin nan sai ramin haure ya warke, wata da watanni, kana a dasa. A 1976 likitocin Jamus sunka gwada dasawa ranar da anka cire.

Mi ya sa gaugawa? Manomi ya sani, in anka tumɓuke icce, ƙasar wurin sai ta zaizaye. Haka ƙashin baki yake, saiwar haure ke riƙe da shi. Wani awo da anka yi a 2003 ya nuna cikin shekara guda faɗin ƙashin wurin na raguwa wajen rabi, mafi yawa cikin wata 3 na farko. Da can an zaci ƙarhen zai tsaida wagga zaizaya. A 2005 anka gwada ga karnuka, anka ga bangon ƙashi na wajen leɓe na narkewa ko da ƙarhe ciki. Ga haƙoran gaba na sama, bangon nan sau da yawa bai kai kabrin milimeta 1 ba, kamar ɓawon ƙwai.

Don haka aikin duka wajen cirewa yake. Likita na sassauta haure sannu-sannu, wani lokaci ya tsaga saiwar biyu, don kada bangon ya karye. Ya kankare ramin sarai. Ba ya kafa ƙarhen jikin bangon, sai ya karkata shi wajen cikin baki, ya nutsa shi ya wuce gindin ramin da milimeta 3 ko 4 inda ƙashi ke da ƙwari, yadda ake kafa dirkar rumbu. Tazarar da ta rage sai a cika ta da garin ƙashi: na mutumen kansa, ko na saniya da anka tsabtace, ko na haɗi. Akwai na alade ma, wanda abin ya dama ya tambaya tun da wuri. Tun 2010 wasu na barin siririn ɓaren saiwa wajen leɓe ya zama garkuwa, amma wannan sai gwanin hannu.

Bayan haka sai haƙuri. Hauren wucin gadi da za a ɗora na ado ne, ba na goro ko rake ba, har wata 3 zuwa 6 ƙashi ya kama. Taba na ɓata aikin, haka ciwon sukari in ba a kula da shi. Yaro ba a yi mishi sai ƙashinshi ya gama girma.

Na san mafi yawanmu kuɗin wanga aiki ya hi ƙarhinmu, kuma sai manyan birane. Amma abin da ke ci mini rai, masu fizgar haure da awartaki cikin kasuwa na tahiya da bangon ƙashin gaba ɗaya. Wanda anka yi ma haka, ko ya samu kuɗi daga baya sai an fara gina mishi ƙashi, ya jira watanni. Dattijon nan cikin kasuwa anka cire nashi. Na ce mishi na kusa da shi da ke motsi, ya kai shi gidan likita.