Damagaram ba ta da teku, amma tana da ƙarfe: ko ɗaga nauyi zai raba matasa da tramol?

Da la'asar sakaliya, idan zafin rana ya fara sauka daga kan duwatsun Damagaram, akwai wata ƙara da ake ji a lungunan Kara-Kara da Garin Malam wadda baƙo zai ɗauka maƙera ne ke aiki. Samari ne ke ɗaga ƙarfe. Kayan ba na kanti ba ne: manyan gwangwanayen tumatir biyu da aka cika da siminti aka soka bututu a tsakiya, tsohon ƙarfen mota da aka tsinto a gareji, benci na katako da aka ɗaure ƙafarsa da waya. A gefe butar shayi tana kan gawayi. Ɗaya yana kwance yana turawa, biyu suna tsaye a kansa suna ƙirga, sauran suna jiran layi suna yi masa tsiya.

Abin da ya sa wannan hoto ya dawo mini a rai shi ne labarin wani ƙauyen masunta a Indiya, wanda ake yawan bayarwa a matsayin misalin yadda wasa ke raba matashi da maye.

Sunan ƙauyen Kovalam, yana bakin teku a kudancin birnin Chennai, a jihar Tamil Nadu. Kamar yawancin garuruwan masunta, aikin yana ƙarewa da wuri. An fita da asuba, an dawo kafin azahar, an sayar da kifi, kuɗi suna hannu, ga kuma yini guda a gaba babu abin yi. Giya ce ke cike wannan gurbi. A can ne wani masunci mai suna Murthy Megavan ya fara hawan igiyar ruwa, tun yana yaro, a kan guntun katako. A 2001 ya haɗu da wani Ba'amurke, Jack Hebner, wanda ya ara masa allon wasan na gaske ya gwada. Daga baya ya samu nasa, ya soma koya wa yaran ƙauyen kyauta, kuma da tallafin wani ɗan kasuwar Chennai, Arun Vasu, aka buɗe makarantar koyon wasan mai suna Covelong Point. Sharaɗinsa ga yaran ba mai tsawo ba ne: babu giya, babu taba. Yau wasu daga cikin 'ya'yan masuntan nan su ne ke koya wa baƙi 'yan birni wasan ana biyan su, wasu kuma suna shiga gasar ƙasa.

A Afirka ta Kudu ma akwai ƙungiyar Waves for Change, wadda ta faro a unguwar Masiphumelele da ke Cape Town, tana kai yaran unguwannin talakawa teku don sauƙaƙa musu damuwar da tashin hankalin unguwa ke jefa su ciki.

To, mu tsakaninmu da teku akwai kusan kilomita 1,000. Masuntanmu suna tafkuna irin na Gidimuni, inda babu igiyar da za ta ɗauki ko ƙwarya. A cikin birnin kuwa, wanda yake zaune a kan dutse, ruwan sha ma sai an bi 'yan garuwa. Don haka maganar hawan igiyar ruwa a nan abin dariya ne. Amma tambayar da ke ƙarƙashin labarin tamu ce: me saurayi zai yi da jikinsa da lokacinsa tsakanin azahar da tsakar dare?

Ƙwayar da ba ta wari

Giya ba ita ce babbar matsalar matasan Damagaram ba. Akwai ta, kowa ya san inda ake sayar da ita, amma tana da tsada, tana da wari, kuma wanda aka gani yana tangaɗi ya zubar da mutuncin gidansu. Ƙwaya ba ta da waɗannan matsaloli. Ana haɗiye ta da shayi ko kofi, ba ta wari, mutum zai iya shan ta ya shiga sahu a masallaci babu wanda ya sani. Shi ya sa tramadol, wadda kowa ke kira tramol, ta samu gindin zama, tare da wiwi da sholisho.

Tramadol maganin ciwo ne na gaske, dangin su mofin. Abin da likita ke rubutawa yawanci miligiram 50 ne ko 100, kuma ba a so babba ya wuce 400 a yini. Wadda ke yawo a kan tebura da cikin jakunkunan masu tallar magani kuwa takan kai 200 ko 225 a ƙwaya ɗaya, wasu kuma ba ɗaya suke sha ba. Idan ta yi yawa tana kawo farfaɗiya, tana iya danne numfashi. Idan jiki ya saba aka daina farat ɗaya, sai zufa, ciwon gaɓoɓi, rashin barci da baƙin rai su taso, abin da ke mayar da mutane da yawa gare ta kafin mako ya zagayo.

Akasarinta daga Indiya take fitowa, ta sauka a tasoshin jiragen ruwan gaɓar Afirka ta Yamma, ta hauro arewa. A 2018 Indiya ta tsaurara dokar fitar da ita, a shekarar ce kuma Najeriya ta hana maganin tari mai kodin bayan wani binciken BBC. Kasuwar ba ta mutu ba, riga ta sauya. A farkon 2025 wani binciken BBC ɗin ya nuna yadda wani kamfani a Mumbai ke haɗa tapentadol da carisoprodol yana turowa yankinmu da sunaye irin su Tafrodol. Hukumar OCRTIS mai yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi a Nijar tana kamawa, ana ƙonawa a gaban kyamara, wata kuma tana shigowa.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne, da yawa ba don nishaɗi suka fara ba. Ɗan kabu-kabu da ke son ya yini a kan babur, mai fasa dutse, lebura, mai tura kurar ruwa, duk an ce musu tana ba da ƙarfi. Ƙwayar aiki ce kafin ta zama ƙwayar maye.

Daga fada zuwa pale

Wanda ya tashi a Nijar ya san fada: tabarma ko benci a ƙofar gida, shayi hawa uku, hira har dare. A Damagaram wani reshe ya fito daga cikinta wanda ake kira pale, daga kalmar Faransanci mai nufin fadar sarki. Pale tana da shugaba, tana da suna, tana da yankinta, kuma a shekarun da abin ya yi ƙamari sunanta ya haɗu da faɗan adda tsakanin unguwanni, ƙwace da fyaɗe. Lokacin tarzomar 16 ga Janairun 2015, da aka ƙona coci-coci da cibiyar al'adun Faransa kan zanen jaridar Charlie Hebdo, an yi ta nuna 'yan pale da yatsa.

Duniya ta ga cikin wannan rayuwa ne a 2021, ta fim ɗin "Zinder" na Aïcha Macky, 'yar garin da ta karanci ilimin zamantakewa. Ta shiga Kara-Kara, unguwar da asalinta wurin da aka ware wa kutare ne, inda 'ya'ya da jikoki suka gaji wariyar ko da ba su gaji cutar ba. A fim ɗin an ga wata pale da ta raɗa wa kanta suna Hitler, bisa zaton sunan wani jarumi ne da ba a cin shi da yaƙi. An ga tsohon shugaban pale da ya koma sana'ar haya yana fama da tunanin abin da ya aikata. An ga masu fasa-ƙwaurin mai. An kuma ga ƙarfe, ƙarfe ko'ina, da ƙirazan da suka fi na 'yan kokowa.

Wurin da ya fi tsaya mini a fim ɗin ba wurin tabon adda ba ne. Wurin da shugaban waccan pale yake fafutukar mayar da abokan ɗaga ƙarfensa kamfanin masu gadi ne. Ya gane abin da masu shirya taron bita a otal ba su cika ganewa ba: ƙwanjin nan jari ne, amma sai an samu mai saye.

Ƙarfe yana yin wani abu, wannan babu musu. Yana cinye sa'o'in da suka fi haɗari. Yana gajiyar da jiki har barci ya zo da kansa, ga wanda da ma rashin barci ne ke tura shi neman ƙwaya. Yana ba saurayin da bai gama lakwal ba, ba shi da aiki, ba shi da kuɗin aure, wani abu guda da yake ƙaruwa a hannunsa yana gani: watan jiya gwangwani biyu, wannan watan an ƙara. Kuma yana ba shi girma a idon tsaransa ba tare da ya sari kowa ba.

Amma kada mu yaudari kanmu. Wasa da tramol ba abokan gaba ba ne. Masu tseren keke a Turai sun sha ta don su danne zafin jiki, har hukumar wasan ta hana ta a 2019, sannan hukumar WADA mai yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta sa ta cikin jerin abubuwan da aka haramta lokacin gasa daga Janairun 2024. Ƙwayar da aka sayar wa lebura da sunan ƙarfi, ba wuya a sayar wa mai ɗaga ƙarfe da wannan sunan. Wanda ya haɗiye ta ya kwanta ƙarƙashin siminti ba ya jin lokacin da kafaɗarsa ta goce. Kuma ƙirjin da aka gina babu aikin yi, ranar da ɗan siyasa ya zo neman 'yan banga, shi ne na farko da za a ɗauka haya.

A nan ne bambancin Kovalam yake. Ba gishirin teku ne ya yi maganin giya ba. Mai kafa sharaɗin ɗan ƙauyen ne, masunci kamar iyayensu, ba baƙon da ya zo da mota mai tambari ba. Allon yana hannunsa, yana iya hanawa. Kuma a ƙarshen hanya akwai kuɗi, domin Chennai na kusa, cike da masu son su biya a koya musu. A Damagaram akwai na farko, tunda tsofaffin shugabannin pale da suka ajiye adda suna da faɗa a ji fiye da kowane jami'i. Na biyu yana da rauni, don gwangwani da siminti kowa na iya haɗawa a bayan gidansu. Na uku ne babu.

Hasali ma hanyoyin samu sun ragu. Shekaru da dama dubban matasa suna cin abinci da ruwa-ruwa, man Najeriya mai arha da ake sayarwa a kwalabe a bakin titi, a garin da matatar SORAZ ke aiki a kusa da shi tun 2011. Ranar 29 ga Mayun 2023 Bola Tinubu ya cire tallafin mai, ribar ta zube. Bayan wata biyu aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli, aka rufe iyaka na tsawon watanni. Zinariyar Jado da ta kwashi samari a 2014 an rufe filinta a 2017. Wannan duk a jihar da ƙidayar 2012 ta nuna ta fi kowace yawan jama'a, sama da miliyan 3.5, a ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba.

Ƙasar Iceland ce aka fi kafa hujja da ita a wannan fage. A 1998, kashi 42 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 16 sun ce sun bugu a watan da ya gabata. A 2016 adadin ya sauka zuwa kashi 5. Masu son taƙaita labarin sukan ce wasanni ne. Gaskiya ne an zuba kuɗi a wasanni, har birnin Reykjavik yana ba kowane yaro katin biyan kuɗin kulob. Amma an haɗa da dokar hana yara yawon dare, da yarjejeniyar iyaye, da masu horarwa da ake biya albashi. Kuma rigakafi ne ga waɗanda ba su fara ba. Wanda jikinsa ya riga ya kama tramol, benci ba zai isar masa ba, yana buƙatar likitan da zai rage masa ita sannu a hankali.

Abin takaicin shi ne Damagaram ba baƙuwar wannan hanya ba ce. Gasar takobin kokowa ta ƙasa tana gudana tun 1975, filin kokowar garin yana ɗauke da sunan Langa-Langa, kuma har yau yara sun san sunan Balla Harouna. Kokowa tana da duk abin da ƙarfen lungu ya rasa: mai horarwa, alƙali, ranar gasa, kyauta, makaɗi mai kiran sunanka a gaban gwamna. Sai dai akasarin 'yan kokowa daga karkara suke fitowa, kuma saurayin Kara-Kara da ya tashi da finafinan Amurka a waya ba lallai ne ya ga kansa cikin walki da laya ba. Abdoul Razak Issoufou Alfaga, wanda ya ciyo wa Nijar azurfa a taekwondo a Rio a 2016, ya fi kusa da irin hoton da yake so.

Ba a buƙatar gini mai bene. Rumfa mai inuwa a kowace unguwa, ƙarfe na gaske mai awo wanda ya fi na siminti, don a samu abin da za a iya hana wanda ya karya sharaɗi. Mai kula ɗan unguwa da ake ba wani abu a ƙarshen wata. Gasa tsakanin unguwanni da magajin gari ko fadar Sultan za su tsaya mata. Sai kuma hanyar da za ta kai ga takardar shaida da aikin gadi, ko horar da wasu. 'Yan uwa da ke Libiya, Aljeriya, Legas ko Faransa, waɗanda suka saba aiko wa ƙanne waya ko kuɗin babur, sun fi kowa sanin nawa ake biyan mai horarwa a wurin motsa jiki a can, da kuma cewa sana'a ce da ake ci da ita.

A yanzu dai, idan aka kira magariba, ana tura gwangwanayen ƙarƙashin benci, a rufe su da buhu don kada yara su farfasa simintin. Wasu su nufi masallaci, wasu su ɗauki babur su fita neman fasinjan dare. Sauran su koma kan tabarma a ɗora shayi na biyu. Mai teburin magani da ke bakin kwana ba ya tashi sai bayan sha biyu.