Kuɗin Korona a Najeriya: Ina Suka Shiga?

Ranar 30 ga Maris 2020 dokar kulle ta fara aiki a Legas da Abuja, wata guda bayan an gano korona a jikin wani ɗan Italiya da ya sauka Legas. Cikin Afrilu ta iso Kano. Aka ce kowa ya zauna a gida, a ƙasar da mafi yawan magidanta sai sun fita da safe ake ɗora tukunya da yamma.

Kuɗi kam sun shigo. Asusun IMF ya ba da rancen dala biliyan 3.4, gwamnatin Buhari ta amince da shirin naira tiriliyan 2.3 na farfaɗo da tattalin arziki, su Aliko Dangote kuma suka tara biliyoyi ƙarƙashin gamayyar 'yan kasuwa ta CACOVID. Sai dai farashin mai ya karye, har aka sauke ma'aunin kasafi daga dala 57 zuwa 28 kan ganga, don haka cike giɓi rancen ya zo yi.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC ta cancanci yabo. Ɗakunan gwajin da ba su wuce a ƙirga da yatsu ba sun haura ɗari. Amma aikin bai riski Kano da wuri ba: a Afrilun nan cibiyar gwaji ta asibitin Malam Aminu Kano ta dakata na kwanaki, daidai lokacin da masu haƙar kabari ke cewa aiki ya fi ƙarfinsu. Daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na mace-mace 979 da aka bincika na iya zama na korona.

Tallafi ne ya fi ciwo. Rajistar talakawa gidaje miliyan 2.6 kawai ta ƙunsa, aka ba da umarnin ƙara miliyan ɗaya, wasu suka karɓi naira 20,000. Ɗan dako da mai shayi da direban a-daidaita-sahu, waɗanda kullen ya tsayar wa da nema, akasarinsu ba sa cikinta. Gwamnati ta rufe kasuwa alhali ba ta da hanyar kai wa mutane abinci, shi ya sa jama'a suka riƙa karya dokar. A Oktoba, bayan zanga-zangar EndSARS, aka fasa rumbunan kayan tallafin korona a Jos da Legas da Kaduna, sai ga buhunan shinkafa da katan-katan na taliya jibge. Gwamnoni suka ce tanadin zagaye na biyu na cutar ne. Wanda ya kwana da yunwa tun Afrilu ba zai karɓi wannan hanzari ba, kuma da gaskiyarsa.

Likitocin da ke bakin daga kuwa naira 5,000 ne alawus ɗinsu na haɗari a wata lokacin da cutar ta shigo, har likitoci masu neman ƙwarewa suka shiga yajin aiki a Yuni. A Abuja aka yi alkawari a 2001 cewa ƙasashen Afirka za su ware wa lafiya kashi 15 na kasafinsu. Kasafin tarayya na 2021, wanda aka tsara annoba na ci, bai ba ta ko kashi 5 ba.