A Nemo Mini, Amma Kada a Birkita Ɗakin

Duk wanda ya tashi a gidan da akwai tsohuwa ya san yadda ajiyarta take. Adaka ce a ƙarƙashin gado, cikin adakar akwai samira, cikin samirar akwai ɗan kwano mai murfi, cikin kwanon kuma ƙullin tsumma. A nan takardar gona take, ko 'yan kunnen da ta tanadar wa jikarta. Idan za ta aiki yaro, ba ta tsayawa ga sunan abin, sai ta zayyana masa hanya: "Jawo adakar nan ta wajen bango, ka buɗe samira ta biyu, kada ka taɓa ta farkon."

Akwai manhajojin kwamfuta da aka gina bisa wannan tsari sak. Kana rubuta babban layi, ka sa ƙananan layuka a ƙarƙashinsa, kowanne kuma da nasa ƙananan, sannan ka naɗe su duka ya zama kanun kaɗai ake gani. Dabarar ta daɗe. Douglas Engelbart ya nuna irinta a San Francisco a 1968, cikin tsarinsa mai suna NLS. Dave Winer ya fitar da ThinkTank a 1983, kamfaninsa kuma ya biyo da MORE a 1986. Carsten Dominik, masanin taurari a Jami'ar Amsterdam, ya ƙirƙiri Org-mode a 2003, WorkFlowy ta fito a 2010. Ɗalibi mai haɗa kundin digiri, malami mai shirya darasi, ɗan jarida mai tara bayanan hira, duk suna samun sauƙi da su a watannin farko.

Matsalar tana ɓullowa ne bayan ajiya ta yi yawa, mai ita ya manta samirar da ya sa abin. A nan akwatin nema yake zama yaron aike, kuma yaran aike iri-iri ne.

Akwai mai rawar kai. Ka ce ya nemo maka "taki", sai ya buɗe duk murfin da ke ɗakin. Zai samo abin, babu shakka, amma ya bar maka kwanuka a warwatse. A allo, wannan shi ne neman da ke warware duk layukan da ka naɗe don ya kai ka ga kalmar, idan ka danna "na gaba" ya ƙara warware wasu, in ka gama kuma ba ya mayar da komai yadda ya tarar. Naɗin da mutum ya yi ba ado ba ne. Shi ne ke nuna abin da yake aiki a kai yau da abin da ya jingine sai wani mako. Manhajar da ta rushe masa wannan ta ci masa lokaci fiye da wanda ta rage masa.

Akwai kuma wanda zai miƙo maka ƙullin tsumman kawai, ka tambaye shi daga ina ya ɗauko, ya yi zuru. Wannan ya fi na farko illa, domin a irin wannan rubutu rabin ma'anar layi tana ga layin da ke samansa. A ce nema ya fito maka da "a biya kafin Juma'a" har sau biyar, jere a allo. Wanne ne kuɗin makarantar yara, wanne ne bashin mai siminti, wanne ne na tun bara da aka riga aka biya? Sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana buɗewa.

Abin mamaki, maganin wannan ba sabo ba ne. Org-mode tana da umarnin da ke naɗe rubutun gaba ɗaya, ta bar layukan da suka dace da abin da ka nema tare da kanun da ke samansu, har zuwa na ƙoli. WorkFlowy ma haka take tace jerin tun kana cikin bugawa. Roam Research, idan ta nuno maka wuraren da aka ambaci wani shafi, tana ɗora sunayen layukan sama a kan kowane sakamako. Wato yaron ya kawo abin, ya kuma ce, "Iya, a samira ta biyu na same shi." A ganina duk manhajar da ba ta yin haka ba ta gama ginuwa ba, komai kyan launinta.

Sai batun komawa. Tun zamanin MORE akwai dabarar ɗago sashe guda ya cika allo, sauran su ɓuya, kamar a fito da samira ɗaya tsakar gida inda akwai haske. A WorkFlowy danna ɗigon gaban layi kawai ake yi, sai jerin kanun da ka ratso ya bayyana a sama. Yana da daɗi, amma wanda ya yi tsalle daga nema zuwa can cikin wani sashe yana bukatar maɓalli guda da zai dawo da shi daidai layin da ya baro, da naɗinsa yadda yake. Masu gina manhajoji sukan ɗauki wannan a matsayin ƙaramin abu. Ba su lura da cewa yawancin nema a tsakiyar wani aiki ake yin sa ba: kana rubutu, ka leƙa ka duba wata lamba, ka dawo kafin zaren maganar ya kuɓuce.

Mai rubutu da Hausa yana da nasa ƙarin ciwon kai. Yau ya rubuta "ƙasa" a waya mai haruffa masu lanƙwasa, gobe ya rubuta "kasa" a kwamfutar ofis. A tsarin Unicode da kwamfuta ke bi wajen gane haruffa, ƙ harafi ne mai zaman kansa, ba k da aka ɗora wa alama ba, saboda haka dabarar da aka saba bi a daidaita é da e ba ta kama shi, sai an yi masa tanadi na musamman. Haka ɓ da ɗ. Jam'i ma bai tsira ba, don wanda ya nemi "littafi" ba zai ga inda ya rubuta "littattafai" ba. Rabin ajiyarsa na nan lafiya lau, amma yaron ya dawo ya ce bai gani ba.

Wasu za su ce a bar tsarin hawa-hawa mana, a zuba komai wuri guda tunda akwai nema. Ban yarda ba. Nema yana amfani ne idan ka tuna kalmar da ka rubuta, kuma sau da yawa abin da ya rage a kanka shi ne wurin, cewa abin yana wajen bayanan taron iyaye, kusa da lissafin kujeru. Shi ya sa ya kamata a iya cewa manhaja ta nema a cikin wannan sashe kaɗai, ta kuma faɗi sakamako nawa ta samu kafin ka fara bi. Obsidian, wadda ta fito a 2020, ta raba aikin gida biyu: akwati ɗaya na tsallakawa zuwa shafi da 'yan haruffan sunansa, wani kuma na tono cikin rubutun kansa, inda za ka iya taƙaita neman ga jaka guda.