Filinge: yadda ake toshe tsagar bencin katako kafin damina

A Filinge da garuruwan ƙasar Kurfai, cikin jihar Tillaberi, benci da tebur na katako a waje suke wuni, a waje suke kwana: a fada, a ƙofar shago, a bakin masallaci. Da iskar hunturu ta fara kaɗawa sai tsaga ta bayyana a jikinsu.

Dalilin ba ya rasa nasaba da yanayi. Galibin katakon da kafintoci ke aiki da shi daga ƙasashen bakin teku yake zuwa, inda iska ke da laima. Idan ya iso ƙasa mai fari, samansa kan riga cikinsa bushewa, sai ya tsuke ya tsage. Zafin Afrilu da Mayu, da kan haura digiri 40, yana ƙara buɗe tsagar.

Siririyar tsaga da ta bi tsawon katako ba ta rage wa benci ƙarfi. Matsalar ita ce ruwan damina: yana shiga ya kwanta, katakon ya fara ruɓa, gara ta samu ƙofa. Shi ya sa ya kamata a gama gyara kafin ruwan watan Yuni.

Da farko a kakkaɓe ƙura da yashi daga cikin tsagar. A kwaɓa gam na katako da garin katako mai laushi har ya yi kauri, a cusa da bakin wuƙa ya cika. A bar shi a inuwa kwana guda, a goge da samfefa, sannan a shafa fenti, domin farin gam ba ya jure ruwa. Kada a manta da bakin katakon da gindin ƙafafu, nan ne suka fi shan ruwa.

Idan tsagar ta ratsa katakon gaba ɗaya, ko ta kai mahaɗin ƙafa, aikin kafinta ne; yaro na iya faɗuwa.

Turmi kuwa hukuncinsa daban. Ba a sa masa gam, fenti ko baƙin mai a ciki, tunda abinci ake dakawa. Ɗaure shi ake yi da ƙarfe ko fata, a ajiye a inuwa.

Gyaran ya fi sayen sabo araha, ballantana yanzu da dokar gandun daji ta 2004 ta sa sare itace irin su gawo sai da izini.