Saƙar gizo-gizon lambu: kowane masaƙi da hannunsa

Duk wanda ya yi sammakon shiga lambu a ƙarshen damina ya taɓa cin karo da ita: saƙa zagayayya kamar faifai, a rataye tsakanin reshen gwaiba da danga, raɓa ta jeru a kan kowane zare. Masu wannan aiki babban dangi ne da masana ke kira Araneidae, jinsinsu ya haura 3,000 a duniya.

Aikin yana da ƙa'ida. Gizo-gizo kan saki zare, iska ta ɗauke shi har ya maƙale a wani reshe, wannan ce gadar farko. Sai ya kafa gefuna, ya ja zaruruwa daga tsakiya zuwa baki kamar wayoyin ƙafar keke. Waɗannan ba su da danƙo, a kansu yake takawa. A ƙarshe ya shimfiɗa zare mai danƙo, yana kewayawa daga baki zuwa tsakiya. Cikin kimanin awa guda ya kammala. Da yawansu sukan cinye tsohuwar saƙa kafin su ɗaura sabuwa.

Saƙar ce ke faɗa maka mai ita. Idan ka ga farin zane mai kauri ya ratsa tsakiya yana lanƙwashewa, mai saƙar kuma ya haɗa ƙafafunsa takwas bibbiyu, kai a ƙasa, to Argiope ne. Idan saƙar ƙatuwa ce, zarenta na ƙyallin zinariya a rana, Trichonephila ce, wadda ake samu a Afirka ta Yamma. Gajere mai faɗin baya da ƙayoyi kuwa shi ne Gasteracantha. Wadda ke zaune daram a tsakiya galibi macen ce, namijin ɗan ƙarami ne a gefe. Ganinsu ba shi da ƙarfi, motsin zare ke sanar da su cewa ƙwaro ya faɗa.

Wannan baiwa ta saƙa a jininsu take. A 1973 Amurka ta kai gizo-gizo biyu, Arabella da Anita, tashar sararin samaniya ta Skylab, kuma can ma sai da suka yi saƙa.

To, manomi, in ka tarar da saƙar nan kada ka sa sanda. Ƙudaje, sauro da ƙwarin da ke cin ganyen shukarka take kamawa dare da rana, ba ka biya ko sisi ba.