Karatun Gaba da Sakandare Ya Matso Kusa da Kongolam

Iyaye a Kongolam da kewaye, yaron da ya gama sakandare ba sai ya tafi Kano ko Zariya ba. A shekarar 2019 gwamnatin tarayya ta kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha a Daura. A shekarar ce kuma aka aza harsashin Jami'ar Sufuri, inda ake koyon aikin jirgin ƙasa da hanyoyi.

Kafin a ɗauki yaro, sai ya ci darussan da ake buƙata a jarrabawar gama sakandare. Sannan ya zauna jarrabawar JAMB. 'Ya mace ma haka, kada a bar ta a baya.

To, kuɗin makaranta fa? A shekarar 2024 aka buɗe asusun ba ɗalibai rance, mai suna NELFUND. Babu kuɗin ruwa a cikinsa. Makaranta ake biya kai tsaye. Ana nema ta intanet, da lambar katin ɗan ƙasa da lambar BVN ta banki.

Amma a sani, bashi ne, ba kyauta ba. Ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Kada ku ba kowa ko kwabo don ya samo muku shi.