Gemu Ba Ya Hana Ilimi: Likitoci da Raɗaɗin da Ya Ƙi Ci Ya Ƙi Cinyewa

Zogi ɗan aike ne. Idan ƙaya ta soki mutum, shi ke kai wa ƙwaƙwalwa labari domin a janye ƙafa. Amma akwai raɗaɗin da ke zama daram bayan rauni ya warke. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar duk raɗaɗin da ya wuce wata 3 a matsayin daɗaɗɗen raɗaɗi. Ilimin magance shi yana sauyawa da sauri, har ya zama likitan da ya tsaya a kan karatunsa na jami'a zai iya cutar da majinyaci da kyakkyawar niyya.

A shekarar 1965 ne masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka bayyana cewa saƙon zogi yana bi ta wata irin ƙofa a cikin laka kafin ya isa ƙwaƙwalwa, kuma ana iya rage buɗewarta. Shi ya sa wanda ya bugu yakan murza wurin ya ji sauƙi. A kan wannan tunani ne likita Norman Shealy ya dasa wa wani majinyaci a Amurka, a 1967, na'urar da ke aika wa laka ɗan ƙaramin lantarki don ta danne saƙon. Bugu da ƙari, an gano cewa raɗaɗin lalacewar jijiya, irin wanda masu ciwon sukari kan ji a tafin ƙafa, ba ya jin magungunan zogi na yau da kullum, amma yakan lafa da gabapentin, wanda asalinsa maganin farfaɗiya ne. Likitan da bai sabunta karatunsa ba zai yi ta rubuta farasitamol a banza.

Sai dai ba kowane kwas ne ke ƙara ilimi ba. A 1996 kamfanin Purdue Pharma ya fitar da OxyContin, ɗan uwan mofin, a Amurka. Kamfanin ya ɗauki nauyin tarurrukan horar da likitoci, inda aka riƙa nuna musu cewa haɗarin kamuwa da jarabar maganin kaɗan ne. Likitoci suka saki hannu, dubban mutane suka kamu, rayuka suka salwanta. A 2007 kamfanin da manyan jami'ansa uku suka amsa laifi a kotu, aka ci su tarar fiye da dala miliyan 600. Darasin shi ne, tilas likita ya tambayi wanda ya biya kuɗin darasin da ake koya masa.

A Afirka kuwa matsalar ta juyo ne ta ɗaya gefen. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara matakai uku na rage raɗaɗin ciwon daji, daga magani mai sauƙi har zuwa mofin, amma tsoro ya hana ma'aikatan lafiya da yawa taka mataki na uku. Yuganda ta nuna mafita. A 1993 likita Anne Merriman ta fara ba majinyata mofin na sha mai araha, sannan a 2004 gwamnati ta yarje wa ma'aikatan jinya da suka sami horo na musamman su rubuta shi.

Likitan Nijeriya yana tsakanin waɗannan ramuka biyu. Shan magani ba bisa ƙa'ida ba ya sa gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018. Amma ga mai amosanin jini, wato sikila, yana murƙususu a gadon asibiti, ana yi masa kallon ɗan ƙwaya. Rarrabe mai ciwo da mai jaraba, da sanin magunguna irin su hydroxyurea da ke rage yawan tashin ciwon, abu ne da sai an koya. Don haka ne hukumar da ke ba likitoci lasisi a Nijeriya ta sharɗanta halartar kwasa-kwasan ƙarin ilimi kafin sabunta lasisin aiki.

Ɗalibin da ke burin zama likita ya kwana da sanin cewa ranar karɓar digiri ba ita ce ranar ajiye littafi ba.